Jar Fatar da Na Ɗinka wa Wayar Eriya

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Mambila lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, Ya sa ka sauka a hannun mutanen kirki. Innarka na sa ta cusa takardar nan a ƙarƙashin murfin akwatin oba-obarka, don na san ko jakar tufafinka ta yi kwana uku a ɗaure, wannan akwati kam sai ka buɗe shi ranar da ka isa.

Labarin gida babu wanda ba ka sani ba, tun da ina rubutun nan ina jiyo ka a tsakar gida kana ɗaure kaya. Ka kuma san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ban kuma zauna hira da kai yadda nake yi da ƙannenka ba. In aka cire zancen waya da batir, ban san abin da ya rage tsakaninmu ba sai gaisuwa. Yanzu ga shi an tura ka aikin malamin dabbobi can kan duwatsu, inda aka ce wasiƙa takan yi wata a hanya, ruwan sama kuwa kusan ba ya hutawa. Mun yi alkawari duk Juma'a bayan la'asar za ka kira ni. To, gaskiya ina jin tsoro. Oba-obar ba ta dame ni ba, a ɗaki take, kuma ka fi ni sanin cikinta. Wayar eriya nake ji, wadda ku 'yan boko kuke ce wa kebul, da mahaɗin da ke bakinta. Su ne a waje, su rana ke duka, su ruwa ke duka. Ranar da suka lalace a wurinka, ba ni da wata hanyar jin muryarka.

Bari in gaya maka yadda abin nan ya fara kama ni. Kana firamare lokacin, ni kuma ina ji da kaina a shagon gyaran rediyo a kasuwar Gusau, ina ganin babu abin da ya rage mini in sani. Sai wani tsohon soja da ya yi aikin oba-oba a yaƙin Bama ya ce in zo gidansa a Bungudu in ga wani abu. Shi ne Saje Mamman, wanda ka tarar da tsufansa. Na je da hantsi. Ya zaunar da ni a wani ɗan ɗaki, ya murɗa, ya murɗa, akwatin yana ta shuuu, can sai ga muryar mutum tar, kamar yana bayan ƙofa. Da Turanci yake magana, yana cewa ƙanƙara ta rufe masa ƙofar gida. Ni da nake gyaran rediyo na saba jin muryoyin nesa, wannan bai girgiza ni ba. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne da Saje ya danna abin magana ya ce masa nan Bungudu zafi ake, mutumin nan ya ji, har ya yi dariya.

Na tashi na fita waje. Ban ga komai ba sai sanda a kan soro, da siririyar waya da aka ja zuwa tsamiya, da kaza tana tono a ƙarƙashi. Na dawo na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Saje, don Allah wanga mutum ta ina yas shigo?"

Ya ce, "Ta cikin wagga baƙar waya da kaka takawa. Ɗaga ƙahwakka."

Ranar ya yanko guntunta ya feɗe mini. Jan ƙarfe siriri a tsakiya, farar roba ta rungume shi, sannan saƙar jan ƙarfe mai laushi ta lulluɓe robar, sannan baƙar riga a waje. Duka-duka kaurinta bai wuce ɗan yatsana ba. Har yau da furfurata, in na riƙe ta sai mamaki ya kama ni. Muryar ɗan Adam ta bi ta nan, ta hau soro, ta tashi sama, ta ƙetare teku, ta sauka a ɗakin wani bawan Allah da bai taɓa jin sunan Tsafe ba. Na karanta bayanin a littafi, na ci jarrabawa a kansa, aka ba ni takardar izini, amma mamakin bai ragu ba ko kaɗan. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ajiye wannan hanya a sararin sama tun kafin a san da ita.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma ya sa an yi mini dariya. Da na kafa tawa oba-obar a gida nan Tsafe, sai na ga awakin Innarka suna lasar wayar, ƙannenka kuma suna lilo da ita. Na kira magini lokacin yaɓe na ce ya binne mini ita a cikin bango, daga soro har ɗaki, ya karya ta a kusurwa yadda bango ya karya. Aiki ya yi tsaf, ba ka ganin komai. Kafin shekara ta zagayo gara ta bi ta, ɓera ya samu inda ya ɓalgace rigar, can a kusurwa kuma zafin bango ya tausasa farar robar har ƙarfen tsakiya ya matso ya taɓa saƙa. Da na tashi neman inda ciwon yake, sai da na fasa bangon tun daga sama har ƙasa. Innarka ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, ɗakin ma ka aika shi ƙasar Turawan ne?" Saboda haka ka bar wayarka inda idonka zai gan ta kullum. Inda dabba za ta kai baki, ka zura ta cikin bututun ƙarfe. In za ka lanƙwasa ta, ka yi kamar tulu za ka zagaye da ita, kada ka karya mata wuya.

Na biyun shi ne wanda har gobe nake jin kunyarsa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Da na sa sabuwar waya, Saje ya ce mini mahaɗin da ke can sama, inda waya ta haɗu da eriya, ba ya hana ruwa shiga, komai yadda ka ɗaure shi. Ya ce in yanka tsohuwar robar cikin tayar keke in naɗe shi tam, daga ƙasa zuwa sama, sannan in shafe da kwalta. Na dubi nasa, baƙi ƙirin, dunƙule, ba kyan gani. Na ce a raina wannan aikin soja ne. Mu a nan duk abin da muke girmamawa fata muke sa masa. Wuƙa tana da kube, littafi yana da gafaka, to abin da ke kai muryata bayan teku shi ne zan damalmale da kwalta? Na sauko da mahaɗin na kai wa Isa Baduku a bakin kasuwa. Ya zaɓo jar fatar akuya mai laushi, ya ɗinke shi ɗinki ƙanana-ƙanana wanda ko allura ba za ta samu wurin shiga ba, har da 'yar geza ya sa masa. Da na mayar da shi kan sanda, masu wucewa kan tsaya su ɗaga kai. Ni kuwa sai in gyara tsayuwa.

Wannan ya zo daidai da lokacin da motoci suka koma tuƙin dama, ka kuma tuna abin da ya biyo baya. Fari ya sauka. Damina biyu ruwa bai yi abin kirki ba, gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Mada. Mutane suna kukan hatsi, ni ma ina yi, amma a gefe guda ina ta yabon kaina, wai dabarata ta fi ta Saje, shekara biyu mahaɗina ko gezau. Ban san ruwan ne bai zo ya gwada shi ba.

Da Allah Ya dawo da ruwa, fatar nan ta sha ta ƙoshi. Roba takan bar ruwa ya zame, ita fata riƙe shi take yi, ta kwana da shi, ta wuni da shi. Ga kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita tana cin ƙarfe a hankali. Ni ban san ana yi ba. Abin da na lura da shi kawai, muryoyin bayan teku sun fara yin nisa. Na ce yanayin sama ne. Sai na Ikko su ma suka dushe. Na ce batir ne. Daga ƙarshe Saje da ke nan Bungudu, wanda da nake jin har tarinsa, ya koma kamar mai magana daga cikin rijiya.

Ka san ma'aunin nan mai allura da ke nuna ƙarfin da ya dawo daga eriya bai fita ba. In allura ta kwanta, an ce lafiya. To tawa ta kwanta fiye da yadda ta taɓa kwanciya. Kullum in duba in ga ta yi lamo, in ce to ni dai nawa ƙalau yake. Ranar wata Juma'a, mutane da yawa suna saurare daga garuruwa, na danna na ce, "Saje, oba-obarka ta bi mai ita, tsufa ya kama ta. Ka gyara ko ka ba yara su yi wasa." Na ji wasu suna dariya. Shi kuwa ya ce, "To, Malam, za ni duba."

Ashe sau biyu yana warware akwatinsa gaba ɗaya yana mayarwa, da idon nan nasa da ya fara rauni. Da bai ga komai ba, sai ya hau mota daga Bungudu zuwa Gusau, ya sake wata zuwa Tsafe. Kana makaranta a Zariya lokacin. Na dawo daga masallaci da azahar na tarar da tsoho a ƙofar gida, ya ɗaga kai yana kallon soro. Ko ruwa bai sha ba ya ce a kawo tsani. Na ce ya bari in hau, ya ce tare za mu hau. Da muka kwantar da sandar, ya kama jar fatar nan ya juya ta, ya juya ta, ya dube ni.

Ya ce, "Mi na na wanga?"

Na ce, "Riga ta, Saje. Don ruwa."

Ya ce, "Wa yac ce maka waya amarya ta?"

Ya zaro 'yar wuƙarsa ya farke ɗinkin. Wani koren ruwa mai wari ya zubo masa a tafin hannu. Mahaɗin da na sani fari fat yana ƙyalli ya koma kore shar, dalmar ta zama gari. Ya yanke kan wayar ya feɗe rigar, saƙa ta yi baƙi. Ya ƙara kamu ɗaya ya yanka, baƙi. Ya ƙara, baƙi. Muka bi ta muna yanka tun daga soro, muka sauko tsani, muka bi jikin bango, har bakin tagar ɗakina. A nan ma da ya matsa, sai ga ɗigon ruwa ya fito.

Malam Ƙarami, na daɗe a tsugune ina kallon ɗigon nan. Rigar wayar lafiya lau, babu huda ko ɗaya. Ta 'yar kafar da ido ba ya gani ruwa ya shiga can sama, ya bi saƙa yadda kananzir ke bin lagwani, ya yi tafiyar kamu ashirin da wani abu a cikin duhu, ba ƙara, ba alama, har ya iso inda nake zama. Kunya ta kama ni, amma wallahi mamaki ya fi kunyar yawa. Ruwan da muka yi shekara biyu muna fita roƙonsa, shi ne ya zo ya same ni har ɗaki ta hanyar da ban taɓa zato ba.

Na ce, "Amma Saje, allura ta ce lahiya lau."

Ya ce, "Allura ba ta yi maka ƙarya ba. Kai kat tambaye ta mi yad dawo, tac ce babu. To mi za shi dawo, tun da waya ta cinye shi ga hanya? Zuwa ta ci, dawowa ta ci."

Ka riƙe wannan da kyau. In ka ga allura ta ƙara kwanciya alhali muryoyi suna ƙara nisa, kada ka yi murna, ka ɗauko tsani. In kuma ka daina jin mutum sosai, ka fara duba naka soron kafin ka buɗe baki a kan nasa.

Ga yadda za ka yi a can. Ƙarfen soda na narka dalma ka bar shi a gawayi ya yi zafi sosai, ka taɓa sau ɗaya ka ɗauke. Ƙarfe mai sanyi-sanyi shi ke sa mutum ya daɗe yana dannawa har farar robar ciki ta narke. Dalma in ta kama da kyau tana ƙyalli, in ka ga ta yi toka-toka ka sake. Ka naɗe da roba daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau kan na baya, ka shafe da kwalta, kada ka damu da muni, babu mai zuwa neman aurensa. Ka ɗaure wayar a jikin sanda don kada mahaɗi ya ɗauki nauyinta. Kafin ta shiga taga ka bar ta ta sauko ƙasa kaɗan ta sake hawa, ruwan da ya biyo bayanta ya ɗige a waje. Guntun da ka ajiye don gaba ma ka toshe bakinsa, don an ce a can gajimare har ɗaki yake shiga. Da ka ga hadari ya haɗo, ka cire ta daga akwati ka jefa kan a waje, kada ka ce bari in ƙarasa magana. Farkon damina da ƙarshenta ka hau ka duba da idonka da hannunka. In ka yi shakka, ka feɗe baki kaɗan. Saƙa mai ƙyalli ka bar ta, baƙa ka yi ta yanka har ka iske mai ƙyalli, kada ka ji tausayin tsawonta. Waya mai kyau da aka kula da ita takan yi shekaru masu yawa. Ta Saje, da ƙazamar kwaltarta, ta riga tawa hawa soro, kuma tawa biyu suka mutu tana nan.

Akwai abin da ban yi ba a ranar nan, kuma ya fi fatar ci mini rai. Mun sauko, Innarka ta kawo tuwo, muka ci. Na raka shi tasha. A hanya na yi masa zancen gero, na yi zancen tsadar batir, na yi zancen direbobi. Maganar da na yaɓa masa a gaban mutane tana nan, na kasa cewa ya yafe mini. Na ce a raina sai Juma'a in faɗa a oba-oba kowa ya ji, tun da a can na yi ɓarnar. Juma'a ta zo na ce sai na sa sabuwar waya muryata ta fita sosai. Da na sa, sai na ga ai magana ta wuce, tayar da ita ma wani abu ne. Bayan kaka Allah Ya karɓi abinsa. Na je Bungudu jana'iza, na ga sandarsa a kan soro, na kasa ɗaga kai sau na biyu. Allah Ya jiƙan Saje Mamman, Ya sa ya huta.

Don kada in maimaita, bari in faɗa maka tawa da kai tun kana iya ji.

Makon nan, da gwiwata ta hana ni hawa tsani, ka hau ka sabunta mini mahaɗina don ka bar ni da abin da zai daɗe. Ka gama ka sauko da shi ka nuna mini, na juya shi na ce bai yi ba, ka yanke ka sake. Washegari ka sake, na ce dalma ta yi yawa. Rana ta uku na ce naɗin ya karkace. Sai ka koma ka hura gawayi. Innarka har ta same ni a zaure ta ce, "Malam, wai mi yaron ga yay yi maka?"

Babu abin da ka yi. Na farkon nan da ka nuna mini, tun da nake ban taɓa yin mai kyansa ba. Dalmar tana ƙyalli, ko ɗigo bai zarce ba. Amma na san in na ce ya yi, ka gama ke nan, za ka wanke hannu ka shiga sallama da dangi, ni kuma ba ni da dalilin da zan tsayar da kai. In na ce bai yi ba, za ka ƙara wuni a kan soro, ni ina ƙasa riƙe da tsani, kana tambaya ina amsawa. Kwana ukun nan, ban taɓa yin magana da kai mai yawansu ba. Ka yafe mini. Hannunka ya fi nawa, kuma na daɗe da sanin haka.

Yanka ukun nan sun rage mini waya, yanzu ba ta kaiwa inda teburina yake. Jiya na ja shi na manna da taga, a tsaye ma nake kunnawa don kujera ba ta shiga wurin. Ban damu ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga tsawa da zamewar dutse da cutar baƙon wuri. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari, Ya dawo mana da kai lafiya. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka tun kafin ka tafi. Ranar Juma'a ka kira ko da ba ka da abin faɗa. Ka ce ana ruwa, ka ce saniya ta haihu, duk abin da ya zo bakinka. Ina idar da la'asar zan tsaya a bakin tagar nan, kuma ba zan kashe ba sai an kira magariba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga Tsafe.